Tsiron Dawa: Daga Tukunyar Bugazau Zuwa Kwalbar Biki

Wata Asabar cikin bazara na raka ƙanen mahaifina Ƙofar Ruwa sayen rodi da kayan famfo. Ciniki ya yi tsawo, rana ta take, sai mai shagon ya aiki yaronsa ya kawo mana abin sanyi. Yaron ya dawo da kwalaben maltina guda huɗu, sai dai ba na kamfani ɗaya ba ne, domin a bakin Bakano kowace baƙar kwalba mai zaƙi maltina ce, ko wane ne ya yi ta. Nan take gardama ta tashi. Mai shagon ya kurɓi tasa ya ce wannan zaƙinta ya yi yawa, tana manne wa mutum a maƙogwaro. Maƙwabcinsa mai sayar da fenti ya ce shi ɗayar ya fi so, don tana da ɗan ɗaci a ƙarshe da ƙamshi irin na ƙanzo. Baffana ya ɗaga tasa ya duba ta a hasken rana, ya jijjiga kaɗan, ya ce a dubi yadda kumfarta ke kwanciya da wuri, alamar ruwa ya yi mata yawa ke nan.

Dukkansu Musulmi ne masu salla a sahun gaba, ba wanda ya taɓa kai giya bakinsa. Amma launi, ƙamshi, kauri, kumfa da abin da ya rage a harshe bayan an haɗiye, waɗannan su ne ainihin ma'aunan da alƙalan gasar giya ke amfani da su a Ingila. Muna cikin haka tirela ta wuce ta kan titin Katsina, shaƙe da buhunan dawa daga wajen Dawanau, ta nufi kudu. Tun daga ranar nake bibiyar abin da ya haɗa kwalbar hannun Baffa da buhunan nan, da kuma wani mutum da aka ce ya zauna a gindin Dala kafin a aza tubalin ganuwa.

Bari in fara da Ingila, don a can ne aka mayar da ɗanɗanon tsiro sana'a mai alƙalai da lambar yabo. Suna da wata giya da suke kira Mild, wato sassauƙa. Baƙa ce ko ja mai duhu, ɗacinta kaɗan, ɗanɗanon gasasshen hatsi ya rinjaye ta, barasar cikinta kuma ba ta cika wuce kashi 3 zuwa 3 da rabi cikin ɗari ba. A asali sunan ba ƙarancin ƙarfi yake nufi ba, sabuwar giya ce da ba a ajiye ta tsufa ba, kuma a ƙarni na 19 tana da ƙarfi sosai. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya rage mata kaifi. Gwamnati na son hatsi don burodi, tana kuma son ma'aikatan masana'antar makamai su zo aiki da hankalinsu. Lloyd George, wanda daga baya ya zama firaminista, har ya lissafa shaye-shaye cikin abokan gaban ƙasarsa a 1915. Aka ƙara haraji, aka taƙaita lokacin buɗe mashaya, aka ƙayyade yawan tsiron da za a zuba. Bayan yaƙi ƙarfin bai koma yadda yake ba. Ta zama abin shan masu haƙar kwal da maƙeran masana'antu, wadda ta fi kowace kasuwa har wajen 1960, sannan matasa suka guje ta suna ganin ta tsofaffi ce. Ƙungiyar CAMRA, da aka kafa a 1971 don kare giyar gargajiya, ita ta riƙa yi mata yekuwa, ta keɓe mata watan Mayu. A shekarar 2000 wata sassauƙa mai suna Black Cat, ta kamfanin Moorhouse's da ke Burnley, ta lashe gasar ƙasa baki ɗaya da barasa kashi 3.4 kacal.

Alƙalan irin wannan gasa ana ba su abin sha ne a kofin gilashi marar suna. Su duba launi, su shinshina, su kurɓa su juya a baki, su jira su ji abin da ya saura. Masana harkar suna cewa sassauƙar ta fi wuyar yi, domin babu ƙarfin barasa ko ɗacin ganye da zai rufe kuskure. Idan tsiron bai yi kyau ba, harshe zai gane nan take. To wannan tsiron shi ne inda labarinsu ya haɗu da namu.

Ƙwayar hatsi rumbu ce ƙarama, cike da sitaci. Idan aka jiƙa ta aka shimfiɗa a wuri mai laima, sai ta ɗauka damina ta faɗi, ta fara tsiro, ta saki wasu sinadarai da ke narkar da sitaci ya koma sukari don ciyar da ɗan tsiron. Mai sana'a sai ya katse ta a nan, ya shanya ta a rana ko ya gasa. Gashin ne ke kawo duhun launi da ƙamshin ƙanzo da mai fenti ya ji. Masanin kimiyya ɗan Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana yadda hakan ke faruwa a 1912, kodayake duk matar da ta taɓa kankare gindin tukunyar tuwo ta riga shi sanin sakamakon. Idan aka niƙa tsiron aka dama da ruwan zafi, za a sami ruwa mai zaƙi da kauri. Har zuwa nan babu ɗigon barasa. Barasa tana zuwa ne idan ƙwayoyin yis suka shiga, suka cinye sukarin, suka fitar da ita tare da iskar da ke sa kumfa. Turawa da sha'ir suke yi. Mu kuwa dawa da gero Allah Ya ba mu.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya buɗe ne da mutanen Dala da shugabansu Barbushe, mai hidimar Tsumburbura. A cikin manyan da ya lissafa tare da shi akwai masu sana'o'i: Gijigiji maƙeri, Hanburki mai magani, Jandodo shugaban makaɗa, sai Bugazau, wanda aikinsa dafa giya. Abin lura shi ne wurin da aka ajiye shi, a jere ɗaya da maƙeri da mai magani, cikin waɗanda gari ba ya tsayuwa sai da su. Littafin nan kuma ya ce a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1095 zuwa 1134, aka fara ganuwa, ya ambaci Ƙofar Ruwa cikin ƙofofin farko, tsakanin Mazugal da Adama. Wato inda muka zauna muna gardamar kumfa, daga nan ana hango dutsen da aka ce tukunyar Bugazau ta tafasa a gindinsa.

Na daɗe ina jin ana magana a Kano kamar giya baƙuwa ce da ta sauka daga jirgin ƙasa ta kama haya a Sabon Gari. Ta kwalba kam haka ne. Amma harshenmu kansa ya ƙaryata sauran zancen. Al'ummar da ba ta san abu ba, ba za ta ce giyar mulki na ɗibar wane ba, ko ta ce ko giyar wake na sha ba zan yi kaza ba. Kalmar tamu ce, ba aro ba ce daga Larabci ko Turanci, kamar yadda tsiro da tsimi suke namu.

Yadda ake dafa ta bai ɓace ba, domin burkutu na nan a ƙauyukan Maguzawa, da kudancin Kaduna, da Filato, da barikokin soja, haka kuma 'yan uwanta a Burkina Faso da arewacin Kamaru. Aikin mata ne galibi, kuma yakan ci kusan mako guda. A jiƙa jar dawa, a baza ta ta yi tsiro na 'yan kwanaki, a shanya, a niƙa, a dama a tafasa a manyan tukwane, a bar ruwan ya kwana ya yi tsami, a sake tafasawa, sannan a zuba ragowar tsohuwar giya a matsayin iri a bar ta ta tashi. Abin da ke fitowa ja ne mai duhu, mai kauri, da tsami-tsami, barasarsa tsakanin kashi 3 zuwa 6, kuma ba ya jure ajiya fiye da kwana biyu ko uku. Da alƙalin Ingila zai ga wannan bayani a takarda, zai ce ai ƙanwar sassauƙarsu ce: baƙa, ta tsiro, marar ƙarfi, sabuwa. Masanin harsuna Joseph Greenberg, da ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya tarar da ita a tsakiyar rayuwarsu, a biki, a wajen tsafi, da kuma gayya, inda mai gona ke biyan waɗanda suka taya shi noma da tuwo da tulunan giya. A wurin manomi abinci ce rabi, abin maye rabi.

Musulunci ya shigo fadar Kano da Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, amma tukunyar ba ta mutu a rana ɗaya ba. Hujja ita ce wasiƙar da Shehu Maghili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa wajen 1492. A cikin abubuwan da ya nemi sarki ya hana har da shan giya a bainar jama'a, dalilinsa kuwa shi ne Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba suna cuɗanya a kasuwanni, kuma abin da ido ya saba gani zuciya kan daina ƙyamarsa. Bayan jihadi, da Kano ta shiga ƙarƙashin Sakkwato a 1807, an bar Maguzawa a ƙauyukansu suna biyan jiziya, da addininsu da tulunansu. Birni ya tsarkake kansa, karkara ta ci gaba da dafawa, kuma an zauna a haka fiye da shekara ɗari.

A nan ya kamata a tsaya a kan batun ƙarfi, domin shi ne ya raba hanyar Kano da ta Ingila. Turawa sun magance matsalar maye da ragi: a bar giya, a rage mata barasa, ma'aikaci ya sha ya koma gida da ƙafarsa. A tarihin fiƙihu ma an taɓa yin irin wannan muhawara. Malaman Kufa na farko sun bambanta giyar inabi, wadda suka haramta ko ɗigonta, da sauran tsime-tsime na hatsi ko zuma, waɗanda suka yi sassauci a kan ɗan abin da bai kai ga bugarwa ba. Malaman Madina, wato mazhabar Imamu Malik da muke bi, ba su karɓi wannan ba. A wurinsu duk abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, ko da me aka yi shi. Hujjarsu ta shafe mu kai tsaye, domin a cikin Sahihu Muslim akwai labarin mutumin Yaman da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da wani abin sha da suke yi da dawa mai suna mizru. Abin da aka tambaye shi kawai shi ne ko yana bugarwa, da ya amsa da e, hukunci ya tabbata. Saboda haka a Kano kashi 3 da kashi 40 duk hukuncinsu ɗaya.

Sai dai littattafan hadisin nan sun ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi dabino ko zabibi a ruwa ya sha, yau da gobe har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Ma'ana zaƙin halal ne, iyakar tana wurin lokaci, kafin abin ya tashi. Kuma wannan iyaka ita ce matan Kano suka ƙware wajen tsaronta ba tare da sun buɗe littafi ba.

Kakata ta wajen uwa ta yi shekaru tana kunun zaƙi na sayarwa a cikin birni. Takan jiƙa gero da dawa, a kai inji a markaɗa da citta da kanumfari da masoro. Sai ta raba ƙullun biyu, ta sheƙa wa babban kason tafasasshen ruwa ya yi kauri kamar koko, ta jira ya huce daidai yadda za ta iya tsoma yatsa, sannan ta zuba ɗanyen kason da ta haɗa da niƙaƙƙen tsiro ko busasshen dankali. Ta rufe, ya kwana. Da asuba kaurin nan ya tsinke, zaƙi ya fito tun kafin a sa sukari. Ina yaro na ɗauka wani asiri ne. Sai da na girma na gane cewa matakin farko ne na abin da ake yi a kowace masana'antar giya a duniya, har da kula da zafin ruwa, don idan ya yi yawa sinadaran tsiron sun mutu, kunu ba zai tsinke ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne la'asar, idan 'yar talla ta dawo da ragowa a lokacin zafi. Kaka takan buɗe bokitin ta kasa kunne tukuna, ta ji ko yana ɗan tsiyayar iska. Ta duba ko ƙananan kumfa na tasowa da kansu. Ta shinshina, sannan ta ɗiba a ludayi ta taɓa da harshe. Wata rana na ce, “Hajiya, ai da sauran zaƙinsa, a ba ni mana.” Ta ce, “Ɗan nan, zaƙi ba shi ne magana ba. Ka ji yana cizon harshe? Ya juya. Je ka zuba wa awaki.” Asarar kuɗinta ce, kuma ba hukumar da za ta kama ta in ta sayar. Ban san alƙalin ɗanɗano da hukuncinsa ya fi nata tsada ba, domin na Ingila lambar yabo yake bayarwa, ita kuwa tsakanin halal da haram take rabawa da bakin ludayi.

Zuwan Turawa ya ƙara wa al'amarin wani rufi. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta tanadi hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, Lugard kuma ya yi amfani da wannan ya mayar da Arewa yankin hani tun daga 1900, alhali a Kudu harajin barasa na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnati. Amma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ta kafu jim kaɗan bayan haka, Turawa da ma'aikatan da suka zo daga nesa kuma an ba su izinin sha. Sai tsarin zamanin Rumfa ya dawo da sabuwar riga: cikin ganuwa babu, bayan ganuwa akwai. Kamfanin Nigerian Breweries ya fara fitar da Star a Legas a 1949, ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963. A Kano ma an yi kamfanin North Brewery.

Masu kamfanonin nan sun san akwai miliyoyin mutane, Musulmi da Kiristoci masu tsantseni, da ba za su taɓa sayen giya ba. Dabarar da suka yi ita ce ta Kaka. A dafa ruwan tsiro, a hana yis shiga, a ƙara sukari da launin ƙonannen sukari, a cusa iska, a rufe, a dumama kwalbar don kashe duk wata ƙwaya. Maltina ta fito a 1976, Malta Guinness a 1990, Amstel Malta a 1994. Cikin 'yan shekaru baƙar kwalbar ta zama abin girmama baƙo, ta shiga kayan buɗa-baki da ɗaurin aure da dubiyar mai jego. Har aka ƙirƙiro mata magani, wai a haɗa ta da madarar gwangwani tana ƙara jini. Wannan zancen gari ne kawai. Abin da ke cikinta da yawa sukari ne, mai ciwon suga ya kiyaye.

Da farko da sha'ir ɗin Turai ake yin duka. Sai tattalin arziki ya karye, gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986, ta kuma hana shigo da tsiron sha'ir daga farkon 1988. Kamfanoni suka rasa mafita sai dawa. Ba abu ne mai sauƙi ba, domin sitacin dawa yana buƙatar zafi fiye da na sha'ir kafin ya narke, sinadaran tsironta kuma ba su kai na sha'ir ƙarfin fitar da sukari ba. Matan da ke dafa burkutu sun daɗe da warware wannan: sukan tsame ruwan saman ƙullun su ajiye gefe, su tafasa gindin shi kaɗai, sannan su mayar da ruwan. Injiniyoyi suka bi kusan wannan hanya da tukwanen ƙarfe. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya tana da irin gajeriyar kaura mai lamba SK 5912, wadda ta dace da aikin, farafara ma ta sami kasuwa. Ko bayan an sassauta hanin, masana'antun ba su saki dawa ba, don ta fi araha kuma ba ta buƙatar dala.

Ga inda ƙullin yake. Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000, aka kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, kuma a Nuwamban 2013 kaɗai an murƙushe kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a. A lokaci guda kuma dawar da manoman Kano da Katsina da Jigawa ke nomawa tana bi ta Dawanau zuwa masana'antun da ke cika irin waɗannan kwalabe. Buhu ɗaya na iya ƙarewa a tukunyar tuwo, ko abincin kaji, ko maltinar ɗaurin aure, ko giya, kuma sau da yawa kamfani ɗaya ne ke yin biyun ƙarshe, daga tsiro ɗaya. Malaman Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. To yaya hukuncin dillalin da ya san sunan kamfanin da ya ba shi kwangila, amma bai san layin da buhunsa zai bi ba? Yaya na manomin da wannan kasuwa ce ke ɗaga masa farashi a kaka? Ana yawan jan muhawarar zuwa rabon harajin kayan masarufi tsakanin jihohi, inda kowa ke jifan ɗan uwansa da munafunci. Ni a ganina tambayar dillalin ta fi wannan kusa da mu, kuma ta cancanci zaman malamai da masana noma da 'yan kasuwa a tebur ɗaya, a yi ta da sunanta. Shiru da muke yi a kanta bai hana tirela ko ɗaya tashi ba.

Na koma Ƙofar Ruwa bayan watanni, karɓar ragowar kayan Baffa. Na ba mai shagon labarin Bugazau da na dawar Samaru, ya saurara yana murza carbi. Da na gama sai ya ɗauki kwalbar da ke gabansa ya juya bayanta, ya sa tabarau, ya bi jerin kayan haɗin da yatsa har ya kai kan dawa. Ya ce, “Ikon Allah. Ashe tamu ce muke saye da tsada.” Sannan ya ƙwala wa yaronsa kira, ya ce ya leƙa bakin titi ya gani ko mai kunun zaƙi ta fito, in ta fito ya tambaye ta na yau ne ko na jiya.